Koyon Ƙera Manhajar Waya Daga Haɗeja: Abin Da Mai Farawa Ya Kamata Ya Sani

Kusan duk manhajar da ke cikin wayar matashi a Haɗeja, daga WhatsApp zuwa ta banki da ta sauraren karatu, a wani wuri aka rubuta ta: Amurka, Sin, Indiya, ko kuma Legas. Waɗanda suka rubuta su ba su taɓa ganin yadda ruwa ke hawa jinga a watan Satumba ba, ba su kuma san yadda ƙungiyar manoman rani a Auyo ke lissafin bashin taki ba. Wannan maƙala bayani ce kan yadda ake koyon wannan sana'a daga tushe, da kayan da take buƙata, da kuma abin da ya bambanta mai koyo a kwarin Haɗeja da takwaransa na manyan birane.

Mece ce manhaja

Manhaja jerin umarni ce da mutum ya rubuta wa na'ura cikin wani harshe mai tsauraran ƙa'idoji, na'urar kuma ta bi su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta ƙara ko ta rage ba. Rubuta waɗannan umarni shi matasa ke kira kodin. Yawancin manhajojin waya suna da sassa uku. Akwai fuska, wato abin da mai waya ke gani yana taɓawa. Akwai lissafin da ke gudana a bayan fuskar idan an taɓa. Sai ma'ajiyar bayanai, wadda kan kasance a cikin wayar ko a wata babbar kwamfuta mai nisa da ake kira saba.

Duk harsunan kwamfuta sun ginu ne a kan 'yan tubala kaɗan. Na farko mazubi ne mai suna da ake ajiye bayani a ciki, kamar a ce “buhuna” a zuba masa 40. Na biyu sharaɗi: idan ruwa ya wuce alama kaza, a nuna ja, in ba haka ba a nuna kore. Na uku maimaici: a bi sunayen 'yan ƙungiya ɗaya-ɗaya a tara abin da kowa ya biya. Na huɗu shi ne a dunƙule wani aiki a ba shi suna domin a riƙa kiransa duk lokacin da ake so. Wanda ya fahimci waɗannan huɗu a harshe guda, ba zai sha wahalar gane su a wani harshen ba.

Wace waya, wane harshe

Manyan tsare-tsaren waya biyu ne: Android na kamfanin Google da iOS na kamfanin Apple. Ga mai koyo a Jigawa zaɓin ba shi da wuya. Wayoyin da ke hannun jama'a, irin su Tecno, Infinix da itel, waɗanda duka na kamfanin Transsion ne na ƙasar Sin, Android suke amfani da shi. Haɗa manhajar iPhone kuwa na buƙatar Xcode, wanda a kan kwamfutar Mac kaɗai yake aiki, ga kuɗin rajista dala 99 duk shekara.

A ɓangaren Android, Java ne tsohon harshen. A 2017 Google ya amince da Kotlin a hukumance, a 2019 kuma ya bayyana cewa shi zai riƙa fifitawa, don haka sababbin darussan kamfanin da Kotlin ake yin su. Akwai kuma hanyoyin da ke ba mutum damar rubuta manhaja sau ɗaya ta yi aiki a Android da iPhone. Fitattu biyu su ne Flutter, na Google, wanda cikakken zubinsa na farko ya fito a Disamba 2018 kuma yake amfani da harshen Dart, da React Native, wanda Facebook ya saki a 2015, mai amfani da JavaScript.

Muhawarar wanne ya fi ta cinye wa masu koyo da yawa watanni. Gaskiyar magana, kowanne cikin ukun zai kai mutum inda yake so. Mai son sanin cikin Android sosai ya ɗauki Kotlin. Mai sha'awar haɗa shafukan intanet ma ya ɗauki JavaScript, domin zai yi masa amfani a wurare biyu. Flutter kuma yana da saurin nuna sakamako, abin da ke ƙarfafa gwiwar sabon shiga. Abin da ke kashe koyo shi ne sauya harshe duk bayan mako uku saboda wani bidiyo ya ce an daina yayin wancan.

Laftof, wuta da data

A nan ne darussan da aka shirya a ƙasashen waje suke yin shiru, domin sun ɗauka kowa na da kwamfuta da wutar da ba ta yankewa.

Android Studio, wato babban ɗakin aikin da ake rubuta manhajar Android a cikinsa, kyauta ne, amma yana da nauyi. Yana buƙatar laftof mai ram aƙalla gigabait 8, kuma tsohuwar na'ura mai 4 za ta riƙa daskarewa har mutum ya ɗauka shi ne bai iya ba. Wanda zai sayi laftof na hannu a kasuwar Farm Centre ta Kano ya fi dacewa ya duba ram, da ma'ajiya irin ta SSD, da lafiyar batiri, kafin ya duba kyan jiki. Akwai dabara guda mai rage nauyi ƙwarai: maimakon kunna wayar kwaikwayo da ke cikin Android Studio, a jona wayar hannu da kebul a gwada manhajar a kanta. Ana buɗe wannan damar ne ta hanyar shiga saitin waya, a nemo lambar zubin tsarin a taɓa ta sau bakwai.

Wutar KEDCO, kamfanin da ke raba lantarki a Kano, Jigawa da Katsina, ba abin da za a tsara jadawalin karatu a kanta ba ne. Shi ya sa batirin da ke riƙe caji awa uku zuwa huɗu ya fi saurin na'ura muhimmanci, kuma haɗa kai da mai shagon da ke da sola ko mai cajin waya kan warware abin da kuɗin mutum ɗaya ba zai warware ba. Zafin bazara ma abin lura ne: laftof da aka ɗora a kan katifa a watan Afrilu zai rage gudu ko ya kashe kansa.

Data ita ce ta uku. Saukar da Android Studio da kayan da ke tafe da shi na cin gigabait da dama, kuma gina aikin farko zai sake janyo wasu daga intanet. Tun bayan da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari a Janairu 2025, wannan ya zama lissafi na gaske ga ɗalibi. Mutum biyar za su iya saukewa sau ɗaya su raba ta filash. Darasin rubutu kuma ya fi na bidiyo sauƙin data nesa ba kusa ba, ya kuma fi koya wa mutum karanta bayanan fasaha, wanda shi ne rabin aikin.

Wanda ba shi da laftof ba a rufe masa ƙofa ba. Ana iya koyon tubalan farko a waya da manhajoji irin su Sololearn, ana iya rubuta Python ko JavaScript a cikin Termux, Sketchware kuma na haɗa ƙaramar manhajar Android a kan wayar kanta ta hanyar jera bulo-bulo na umarni. MIT App Inventor, wanda Google ya fara a 2010 kafin ya koma hannun jami'ar MIT ta Amurka, shi ma da bulo yake aiki, sai dai ya fi daɗi a babban allo, ko da na shagon kwamfuta ne. Waɗannan duka mashiga ce. Wanda ke son ya ci abinci da sana'ar, dole wata rana ya zauna gaban laftof.

Batun Turanci

Kalmomin da ke cikin harsunan kwamfuta kaɗan ne, kuma ana haddace su cikin kwanaki. Inda Turanci ke zama katanga shi ne saƙon kuskure da littattafan bayani. Manhaja za ta ƙi tashi, ta jero layuka ashirin na jan rubutu, amsar kuma tana cikin layi ɗaya. Ɗalibin da ya fito daga makarantar gwamnati da raunin Turanci yana buƙatar ya ɗauki karanta waɗannan saƙonni a matsayin darasi mai zaman kansa: ya kwafe su a littafi, ya nemi ma'anarsu, ya rubuta abin da ya gyara su. Bayan wata biyu zai ga kurakuran nan guda goma ne ke ta dawowa.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT da Gemini suna iya fassara saƙon kuskure da sauƙaƙa bayani, har da Hausa gwargwado. Suna kuma iya rubuta wa mutum manhaja sukutum, kuma a nan haɗarin yake ga mai koyo. Wanda ya miƙa aikin da bai san yadda yake gudana ba, ranar da ya lalace a hannun mai shi ba zai iya gyara shi ba. Ƙa'ida mai amfani ita ce kada a liƙa layin da ba za a iya yi wa aboki bayaninsa ba.

Aikin farko: a duba kogi

Darussa kan fara da manhajar lissafi ko ta jerin ayyukan yini. Suna da amfani a makonnin farko. Bayan nan, abin da ke mayar da ɗalibi maƙeri shi ne aikin da wani mutum na gaske yake jira, kuma kwarin Haɗeja cike yake da irinsu.

Kogin Haɗeja ya samu ne daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa, kuma ruwansa na ƙarƙashin tasirin madatsun Tiga, wadda aka kammala a 1974, da ta Challawa, ta 1992, waɗanda Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da su. A ƙasa kuma ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama a dausayin Haɗeja zuwa Nguru, ruwan ya riƙa neman hanya ta gonaki da gidaje. An yi mummunar ambaliya a 2018 da 2020, sannan ta 2022, wadda ta kashe sama da mutum 600 a faɗin Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Hukumar NIHSA na fitar da hasashen ambaliya duk shekara, NiMet na fitar da na damina, shafin Flood Hub na Google ma ya haɗa da Najeriya. Giɓin da ya rage shi ne tsakanin waɗannan sanarwa da mutumin Guri ko Kirikasamma da ke son sanin ko ya kwashe hatsinsa yau.

A ɗauki misalin ƙaramar manhaja da 'yan sa-kai za su riƙa shigar da tsayin ruwa a wata alama da aka kafa a gindin gada, safe da yamma. A ido aiki ne mai sauƙi, amma zai tilasta wa mai koyo ya ratsa kusan duk abin da ake buƙata. Zai zana fuska mai gurbin lamba da madanni ɗaya. Zai koyi ajiye bayani a cikin waya da SQLite, ko Room da ke saman sa, domin a bakin kogi sabis na iya ɗaukewa. Zai koyi tura abin da aka tara zuwa saba, misali Firebase, idan sabis ya dawo, da abin da za a yi in mutum biyu sun shigar da lambobi masu saɓani. Zai zana jadawalin da ke nuna hawa da saukar ruwa cikin mako. Zai kuma gano da kansa cewa manhajar da ke gudu a wayarsa tana rarrafe a itel mai ƙaramin ram da ma'ajiya a cike.

Wannan darasi na ƙarshe shi ne jarin maƙerin Haɗeja. Manhajar da za ta yi aiki ba intanet, ta yi ƙanƙanta har a tura ta ta Xender a kasuwa, ta yi amfani da hoto da murya ga wanda bai iya karatun boko ba, ƙwarewa ce da ƙungiyoyin lafiya da na noma ke nema. Da irin wannan tunani aka gina ODK da KoboToolbox, kayan tattara bayanai da ma'aikatan rigakafi da na agaji ke yawo da su a ƙauyukan Arewa, kuma duba yadda suke aiki darasi ne kyauta.

Sai dai a yi hattara. Manhajar ɗalibi ta tattara bayani ta nuna shi, kada ta riƙa yanke hukuncin cewa “a tashi” ko “a zauna”. Gargaɗin ƙarya na iya sa mutane su bar dukiyarsu a banza, tabbacin ƙarya kuma na iya jawo asarar rai. Hurumin sanarwa na hukumar agajin gaggawa ta jiha ne da masu unguwanni.

Wanda ruwa bai dame shi ba yana da wasu ƙofofin: littafin bashin taki da iri na ƙungiyar manoman shinkafa ko alkama, farashin riɗi da zoɓo a kasuwannin mako, rahoton saukar tsuntsayen jan-baki, lissafin dillalan kifi. Wani lokaci ma bincike zai nuna cewa manhaja ba ita ce amsa ba, domin mutanen da ake nufi ƙaramar waya mai madannai suke riƙewa. A nan saƙon tes ko lambar USSD, irin wadda ake tura kuɗi da ita, ta fi isa gare su, kuma gane hakan da wuri alama ce ta ƙwarewa.

Ga masu bibiyar gwamnati

Matasan da siyasa ke ransu suna da misalai a gida da waje. Ushahidi ta samo asali ne a Kenya a farkon 2008, lokacin da wasu masu fasaha suka haɗa taswirar rahotannin rikicin bayan zaɓe cikin 'yan kwanaki. A Najeriya, BudgIT da aka kafa a 2011 ta sauƙaƙa kasafin kuɗi ga talaka, sashenta na Tracka kuma na bin ayyukan mazaɓu. Manhajar da za ta jera ayyukan da aka sa a kasafi na ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja, kowanne da hotonsa da ranar da aka ɗauka da wurin da yake, ba ta fi ƙarfin wanda ya yi wata shida yana koyo ba. Wahalar tana wajen samo takardun da tantance rahoto. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 na taimakawa a kan hukumomin tarayya, amma hoto ɗaya na ƙarya zai iya zubar da mutuncin aikin gaba ɗaya, sannan sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, an sha amfani da shi a kan masu wallafa zargi.

Hausa a kan allo

Android na ba maƙeri damar ware duk kalmomin manhaja a fayil guda, ya yi wani na Hausa mai alamar “ha”, wayar ta zaɓi wanda ya dace. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna cikin tsarin Unicode kuma Gboard na da su, amma mutane da yawa ba sa rubuta su. Don haka gurbin bincike ya kamata ya gane cewa wanda ya rubuta “Hadeja” ko “Hadejia” Haɗeja yake nema. Jimlar Hausa kuma kan fi ta Turanci tsawo, sai a bar wa madanni fili. Ga dattijon da ya fi sakewa da ajami, saƙon murya ya fi kowane rubutu.

Inda ake koyo

Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka kafa cibiyar koyon fasahar sadarwa ta Kazaure da kamfanin Galaxy a Dutse. A yankin Haɗeja akwai Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ga Jami'ar Tarayya ta Dutse. Shugaban hukumar NITDA tun 2019, Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗeja ne, kuma hukumarsa na cikin masu aiwatar da shirin 3MTT da Ministan Sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a ƙarshen 2023 da burin horar da mutum miliyan uku, aka fara da rukunin mutum 30,000. A Kano akwai CITAD, wadda ta daɗe tana horar da matasa da mata. A intanet kuma darasin Android Basics with Compose na Google, da freeCodeCamp, da CS50 na Jami'ar Harvard duk kyauta ne.

Tambayar da ta dace matasa su riƙa yi wa duk wani shirin horaswa, na gwamnati ko na ƙungiya, ba ta yawan waɗanda aka raba wa takardar shaida ba ce. A tambayi mutum nawa ne suka fitar da manhajar da ake amfani da ita bayan shekara guda, mata nawa ne a ciki, kuma ɗakunan kwamfutar da aka buɗe da biki suna da wuta da malami a yau ko a kulle suke. Masu ɗaukar aiki ma abin da suke dubawa ke nan: ayyukan da mutum ya ajiye a GitHub, inda ake adana kodin da tarihin gyare-gyarensa ta hanyar Git. Koyon Git tun watan farko na kuma kare mutum daga asarar aikinsa ranar da laftof ya mutu.

Fitar da manhaja da haƙƙin jama'a

Rajistar maƙeri a Google Play dala 25 ce, sau ɗaya, tare da tantance shaidar mutum. Tun Nuwamba 2023 sababbin asusun ɗaiɗaikun mutane sai sun yi gwajin kwana 14 a jere da wasu masu gwaji kafin a ba su damar sakin manhaja ga kowa. Da farko mutum 20 ake nema, daga baya aka rage zuwa 12. Kafin a kai nan, ana iya raba fayil ɗin APK hannu da hannu, ko da yake a Agusta 2025 Google ya sanar da shirin neman tantance masu raba manhaja ta wannan hanyar ma, farawa da wasu ƙasashe a 2026.

Duk manhajar da ke karɓar suna, lambar waya ko wurin da mutum yake ta shiga ƙarƙashin Dokar Kare Bayanan Jama'a da aka sa wa hannu a Yuni 2023. 'Yan Najeriya sun ga abin da manhajojin bashi suka yi da lambobin da suka kwasa a wayoyin mutane, suna tura wa dangi saƙon tozarci, har hukumar FCCPC ta shiga tsakani a 2022. Ƙaramin maƙeri ya nemi izinin abin da aikinsa ke buƙata kawai, ya faɗa da Hausa dalilin nema. Manhajar auna ruwa na buƙatar sanin wurin da aka tsaya. Ba ta da abin yi da hotuna ko lambobin da ke cikin wayar ɗan sa-kai.

Game da kuɗi, talla a cikin manhaja ba ta kawo abin kirki sai masu amfani sun kai dubbai masu yawa. Kuɗin farko kan zo ne daga makaranta mai zaman kanta da ke son tsarin sakamakon jarrabawa, ko kantin magani, ko injin casar shinkafa mai son lissafin kaya. A irin wannan ciniki a rubuta yarjejeniya tun farko: wa ya mallaki kodin, wa zai riƙa biyan kuɗin saba duk wata, kuma gyara nawa ne ke cikin farashin.